Ranar da Na Juyo a Lambun Fersay

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Umma,

Assalamu alaiki wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa yake yi a durƙushe, ina roƙon Allah Ya sa wannan lokaci ya riske ki cikin ni'ima da yalwar makwanci. Mu a nan unguwar Aziziyya ta Makka lafiya muke. Jikarki Nafisa da mijinta suna can Madina, su ma lafiya, cikinta ya shiga wata na shida.

Wata bakwai ke nan da muka kai ki makwancinki. Ban taɓa rubuta miki takarda ba ko kina raye, kuma kin fi kowa sanin dalili. Ke ce kike cewa, "Idi, kafin ka gama auna maganarka shayi ya huce." Wannan ma kwana goma sha ɗaya na yi ina auna ta. Na sa ta inda idon wasu zai kai, domin kaburburan garin nan ba su da suna a kai, ban san wani wurin da zan ajiye miki ita ba. Masu karantawa su yi mini uzuri, da mahaifiyata nake magana.

Abu biyu na zo in sanar da ke. Na farko, na cika alkawarin da kika ɗauka da sunana: na kai matata Asma'u birnin Paris. Na biyu, a can na saɓa wani umarni da kika ba ni tun ina shekara shida, kuma ban yi nadama ba.

Bari in fara da umarnin. Kin tuna ranar da kika fara shiga da ni ɗawafi a kan ƙafata, ba a kafaɗarki ba. Kika tsaya a bakin farfajiya, kika durƙusa daidai tsayina, kika riƙe kunnena kika ce, "In cunkoso ya raba mu, kada ka tsaya, kada ka juyo. Ka bar Ɗaki a hagunka ka yi ta tafiya, ni zan cim maka." Sau uku cunkoso ya raba mu a yarintata, sau uku kika cim mini. Tun daga nan ban ƙara shakkar wannan magana ba.

Da ita na girma, kuma in za a faɗi gaskiya da ita na ci abinci. Kin yi shekaru kina dafa shinkafa a Arfa lokacin aikin hajji, kina tsaye a kan tukwane cikin zafin da ke narka takalmi, har na gama jami'a. Abin da na karanto a can, da dukan lissafinsa da zane-zanensa, bai wuce abin da kika faɗa mini a kunne ba. Shekara ashirin da biyu ke nan ina tashar Kudai ina tsara shiga da fitar motocin alhazai, kuma doka ɗaya nake koya wa kowane sabon ma'aikaci: taro hanya ɗaya yake bi, wanda ya juyo ya fuskanci mutane shi ke jawo a taka wani. Ban taɓa barin kowa ya juyo ba.

Yanzu sai maganar Asma'u, wadda ta fi mini nauyi.

Shekara tara kika yi a kwance bayan shanyewar ɓarin jikinki. Ke kin san wadda ta yi miki wanka, wadda ta juya ki, wadda ta niƙa miki abinci ta ba ki a baki. Mun raba aikin kamar yadda ake raba dawam, wato lokutan aiki, a ma'aikata, ita daga asuba zuwa la'asar sakaliya, ni daga dawowata aiki zuwa wayewar gari. Ni na tsara jadawalin, na liƙa shi a jikin firji, kuma ina alfahari da shi, domin ko sau ɗaya ba ki buɗe ido kin rasa mutum a gefenki ba. Abin da ban lura da shi ba shi ne, in na shigo ita ta tafi ta kwanta, in ta tashi ni na fita. Nakan tarar da shayina a rufe da faranti, da sauran ɗuminsa. Takan tarar da takardata a kan firji: an ba da maganin hawan jini, saura na sukari. Shekara tara muna bin sawun juna a cikin gida mai ɗaki uku.

Ke kin lura. Sati biyu kafin rasuwarki kika kama hannuna da hannunki mai lafiya, kika ce da harshenki da ya yi nauyi, "Ka yi wa yarinyar nan magana." Na ce to. Na ɗauka nufinki in gode mata, sai na gode mata a gaban 'yan'uwa ranar zaman makoki, da kalmomi masu kyau da na riga na shirya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah Ya ba mu lada baki ɗaya." Iyakar abin ke nan.

Bayan tafiyarki jadawalin bai da sauran amfani, amma muka ci gaba da bin sa, domin ba mu san wani ba. Wata biyar muna haka. Sai wata safiya ta ce mini za ta tafi Madina wajen Nafisa ta huta, ta zauna har ta haihu. Babu mai ganin laifin uwa don ta je wajen 'yarta mai ciki. Amma da na dawo daga aiki na tarar da akwati biyu a bakin ƙofa, da bargonta na sanyi, da keken ɗinkinta a ɗaure cikin kwali. Haihuwa ba ta buƙatar keken ɗinki, Umma. Ba ta ambaci ranar dawowa ba, ni kuma ban tambaya ba. Na fahimci matata za ta bar ni ba faɗa ba saki, cikin mutunci, ta yadda babu wanda zai ce wani abu ya faru.

Ranar ce idona ya faɗa kan gwangwanin biskit ɗin nan da wata alhajiya ta kawo miki tsaraba, wanda muke ajiye magungunanki a ciki, mai hoton doguwar hasumiyar ƙarfe a murfinsa. Sau uku a rana Asma'u take buɗe shi. Na tuna wani yammaci, na shigo ke nan ina cire takalmi, ta shafa murfin ta ce, "Ko akwai ta da gaske?" Ke kuma kika ce, "Akwai ta, kuma Idi zai kai ki. Ga shi nan yana jina." Na ji ki, amma na ɗauke ta a maganar majinyaci.

Na roƙe ta ta jinkirta tafiyar har mu sallami alhazan ƙarshe in samu hutu. Ban ce mata kada ta tafi ba. Abin da na iya faɗa kawai shi ne akwai alkawarin Umma da ba a cika ba. Ta dubi gwangwanin ta ce, "Ɗayyib, na yarda, don Umma. In mun dawo sai in wuce." Kayan suka zauna a bakin ƙofa sati shida, ina tsallake su safe da yamma.

Paris tana da kyau, Umma, kyau irin na abin da aka daɗe ana kula da shi. Gidajen kusan duk tsayinsu ɗaya, kogi ya ratsa tsakiyar gari, ana yayyafi mara ƙarfi da ba ya hana kowa fita. Asma'u takan miƙa tafin hannu ta tari ruwan, kamar yadda muke yi a nan in an yi sa'a hadari ya zo. Burodinsu dogo ne kamar sanda. Ta ce da kin gan shi da kin tambaya wa za a doka da shi.

Hasumiyar akwai ta da gaske. Da muka tsaya a ƙarƙashinta sai Asma'u ta buɗe jaka ta fito da murfin gwangwanin, ban ma san ta taho da shi ba. Ta ɗaga shi tana gwadawa, ta ce, "Ta murfin ta fi tsabta." Ta yi dariya, sannan ta juya mini baya na ɗan lokaci. Na san kuka take yi. Na tsaya taku biyu daga inda take, ina duba lokacin tashin jirgin ruwan da zai zagaya da mu kogi.

A wurin ne wani mai sayar da ƙananan hasumiyoyi ya ji tana Hausa, ashe mutumin Damagaram ne. Da ya ji daga Makka muke sai ya ajiye kayansa ya ce, "Hajiya, mu muna ta addu'ar mu je garinku, ku kuma me kuka zo nema nan?" Ta ce masa, "Tun kakanninmu muke karɓar baƙi, ai mu ma a bar mu mu yi baƙunci." Suka yi ta hira, ya tambaye ta zafin Makka, ya tambaye ta ko ana samun daddawa a can. A minti goma ta yi maganar da ta fi wadda ta yi da ni a wata guda. Ba laifinta ba ne. Shi tambayarta yake yi.

Ya kamata in faɗa miki yadda na gudanar da tafiyar, domin a nan kuskuren ya fara. Na riƙe ta kamar ayarin alhazai mai mutum ɗaya. Fasfo biyu, waya biyu, katin otal da tikiti, duk suna cikin jakar da na rataya a ƙirji, saboda a wajen aiki mun san irin abin da ke ɓata a hannun baƙo. Ina gaba da taswira, tana baya. Kowace safiya ina karanta mata tsarin yini, ƙarfe kaza wuri kaza. Ta ce, "Ya Abu Nafisa, ba fa dawam kake ba." Na yi murmushi, na ci gaba da karantawa.

Rana ta biyar, wadda ita ce ta ƙarshe, muka hau jirgin ƙasa zuwa fadar tsofaffin sarakunansu da ke bayan gari, wadda ake kira Fersay. Tun daga ƙofa ruwan zinariya ke ɗaukar ido. A ciki an ja igiya, kowa hanya ɗaya yake bi daga ɗaki zuwa ɗaki, ba a komawa baya. Na yaba tsarin ƙwarai, har na ƙirga ƙofofin fita. Asma'u tana kallon zanen da aka yi wa rufi, ni ina kallon igiya.

Akwai wani dogon zaure da aka jera wa madubai a bango guda, daga ƙasa har sama. A cikinsu na hango wani mutum mai furfura a gemu, da jaka a ƙirji, yana tafe yana duba takarda. Taku uku a bayansa ga wata mata cikin baƙar abaya, hannunta babu komai. Da a Kudai na gan su, da na ce ma'aikaci ne yake mayar da alhajiyar da ta ɓata zuwa ayarinta. Sai da na ɗaga takardar ya ɗaga tasa na yarda ni ne.

Daga nan aka nuna mana ɗakin kwanan sarki, aka ɗan yi tafiya aka nuna na sarauniya. Asma'u ta daɗe tana duban gadon da labulensa. Ta ce a hankali, ba da ni take ba, "Su ma kowa da ɓangarensa." Na ji, na yi kamar hayaniya ta hana ni ji.

Bayan azahar muka fita lambu. Ido ba ya ganin ƙarshensa. An shuka itatuwa an aske su sun zama bango, tsayinsa ya kai na mutum uku, an yanka su gida-gida kamar unguwanni, da hanyoyin tsakuwa a tsakani. A kusurwoyin akwai mutum-mutumi na farin dutse, kuma ga idon da bai saba ba duk kamarsu ɗaya. Ƙafar Asma'u ta gaji, ga ƙishirwa. Na tsayar da ita a kusurwar ɗaya daga cikin waɗannan shingaye, na ce ta jira ni nan in samo ruwa. Na tafi da wayarta a ƙirjina. Layin ya yi tsawo, na yi kusan rabin awa. Da na dawo na tarar da kusurwa, na tarar da mutum-mutumi, babu Asma'u.

Ba tsoron ɓata ne ya fara zo mini ba, na yi shekaru ina mayar da ɓatattu. Abin da ya zo mini shi ne ta tafi ne da kanta, ba ta ma jira Madina ba. Na san tunanin banza ne. Ba fasfo, ba waya, ba Faransanci, ko sunan otal ba ta riƙe ba, domin ban taɓa barin ta ta buƙaci saninsa ba. Amma mutumin da ya yi sati shida yana tsallake akwati a bakin ƙofarsa ba ya tunani daidai.

Da na ɗan natsu sai na ce wataƙila ni ne na kuskure kusurwa, kuma haka ɗin ne. Na fara zagaya shingen. Ban zaɓi ɓangare ba, Umma, ƙafata ce ta zaɓa. Na bar shingen a haguna na kama tafiya. Ina neman tsarin Allah daga kwatanta wani abu da Ɗakinsa, ba kwatanci nake yi ba. Ina faɗa miki ne kawai cewa ƙafar ɗan Makka ba ta san wata hanyar kewaya abu ba. Ko teburin cin abinci a hagu muke barinsa.

Zagaye ɗaya yana cin kamar minti takwas. A ɗaya daga cikin ɓangarorin akwai benci, wata tsohuwa Bafaranshiya mai jar hula tana zaune a kai, sandarta a tsakanin gwiwoyi. A zagayen farko ta bi ni da ido. A na biyu ta tare ni da sandar, ta kewaya fuskarta da yatsa, alamar mace mai lulluɓi, ta nuna gaba. Na gane Asma'u ta wuce ta nan, kuma nema take yi, ba tafiya ba. Tsohuwar ta bubbuga bencin da tafin hannu, wai in zauna. Na gode mata, na ƙara sauri. Ina ni ina zama, matata tana gabana kaɗan?

A zagaye na uku ta sake nuna gaba, tana kaɗa kai. A na huɗu na iso ina haki, rigata ta jiƙe, robar ruwa ɗaya a kowane hannu. Wannan karon dariya ta yi har tana share ido. Ta jingine sandar, ta ɗaga yatsa ɗaya a kowane hannu tana juya su a iska, wannan yana bin wancan, ba sa haɗuwa.

Nan na tsaya cak. Abu ne da na sha zanawa a allo: mutum biyu da ke kewaya abu ɗaya, ta hanya ɗaya, da sauri ɗaya, ba za su taɓa haɗuwa ba. Asma'u 'yar Makka ce. Ita ma mahaifiyarta ta taɓa riƙe kunnenta a bakin farfajiya. Da ta ga na daɗe sai ta fara nemana, tana can ɗaya gefen ta bar shingen a hagunta, tana sauri ta cim mini, ni ina sauri in cim mata. Umarninki yana aiki ne, Umma, in ɗaya yaro ne mai gajeren taku, ɗaya kuma uwa ce. Mu kuwa takunmu ya zo ɗaya, kuma uwayen duk sun tafi.

Ina iya zama a bencin in jira ta zo, kuma shi ne abin da lissafi ya ba ni. Amma in na zauna, ita ce za ta sake isowa inda nake da ƙafarta, kamar kullum. Sai na juya. Ba zan ɓoye miki ba, jikina ya ƙi, kamar na sa takalmin dama a ƙafar hagu. Wani ayarin baƙi yana tahowa a bayan mai ɗauke da tuta, na kutsa cikinsu ina fuskantar su, ina ba da haƙuri da Larabci da Turanci. Na yi abin da in wani ma'aikacina ne ya yi, sai na rubuta masa takardar gargaɗi.

Ban kai kusurwa ta biyu ba na gan ta. Tana tafe da sauri tana ɗingishi, takalmi ɗaya a hannunta domin igiyarsa ta tsinke, leɓenta yana motsi da salati. Ta gan ni ta tsaya. Ban iya tuna rabona da ganin fuskar matata tana tahowa gare ni ba. Bayanta na saba gani tana shiga ɗaki.

Ba ta tambaye ni inda na shiga ba. Ta dubi hanyar da na fito, ta dubi shingen da ke damana, ta ce, "Kai ne ka juyo?" Na ce ni ne. Ta ce, "Kai, Abu Nafisa na Kudai?" Sai ta fara dariya, dariyar ta yi ta tafiya har ta koma wani abu dabam, ni kuma wannan karon ban tsaya taku biyu daga inda take ba.

Muka koma bencin. Tsohuwar ta matsa mana, ta yi wata doguwar magana da harshenta, ina jin faɗa ne, kuma mun cancanta. Asma'u ta ba ta dabinon da muka taho da shi. Ta ce mini ita ma sau uku aka ce ta zauna ta ƙi. "Na ce a raina, mutumin nan ba ya tsayawa, ba ya juyowa. In ban cim masa ba shi ke nan."

Tsakuwa ta yanke ta a tafin ƙafa. Na durƙusa na wanke mata da ruwan da na sayo, a hankali, yadda na san ta sha yi miki. A durƙushen na yi maganar, ina kallon ƙafar domin ban iya kallon fuskar ba. Ban auna ko kalma ɗaya ba. Na ce, "Asma'u, kada ki tafi da keken ɗinkin nan. Ki je ki ga Nafisa, ki dawo. Ban iya gidan nan ba in babu ke."

Na gama wanke ƙafar ina zaton na makara. Sannan ta ce, "Sati shida na bar kayan a bakin ƙofa, kana ɗaga ƙafa kana tsallakewa. Na ce ko sau ɗaya zai yi tuntuɓe ya tambaya." Ta miƙo hannu ta ce in ba ta wayarta. Na ba ta, na haɗa mata da fasfonta da katin otal. Ta karanta sunan otal ɗin sau biyu a bayyane, ta zuba su a jakarta, kusa da murfin gwangwaninki. Ta ce, "Halas, shi ke nan. Yanzu in na bi ka, ba don ban san hanya ba ne."

Akwai wurare biyu da suka rage a tsarin yinin. Ba mu je ko ɗaya ba. Na ɗaure mata igiyar takalmin da zaren da ke jikin jakata, muka taka a hankali zuwa tasha, kafaɗa da kafaɗa, domin ƙafarta ba ta barin sauri. A jirgi ta yi barci a kafaɗata tun rana ba ta faɗi ba. Na bar takardar tsarin a kan kujera da muka sauka.

Kwana goma sha biyu ke nan da dawowarmu. Da muka shigo ban taɓa kwalin ba, kuma ban tsallake shi ba, na tsaya a gabansa na dube ta. Ta ce in ɗauka in kai ɗakinki, ya fi haske. Don haka ina neman izininki, ko da yake aikin ya riga ya wuce: ɗakinki ya zama ɗakin ɗinki. Gadon jinya mun ba maƙwabtanmu na hawa na biyu, mahaifinsu yana kwance. Gwangwanin yana kan taga da murfinsa, zare da allura ne a ciki yanzu. Tana ɗinka wa tattaɓa-kunnenki riguna, duk farare, domin Nafisa ta ƙi faɗa mana ko mace ce ko namiji. Za ta tafi Madina in haihuwa ta matso, da akwati ɗaya. Na yanki tikitin zuwa da dawowa, kuma yana hannunta. Jadawalin kan firji ni na cire shi da kaina.

Ba zan ce miki na zama mai magana ba, kin san ba za ki yarda ba. Jiya ma na so in faɗa mata wani abu game da shekarun nan tara, na yi ta juya shi har shayi ya huce. Bambancin shi ne tana zaune a gabana, ta ce in ɗauki lokacina, ba inda za ta. Muka sha shi a hucensa.

Ranar Juma'a muka shiga Harami tare, karo na farko tun kafin ki kwanta, domin a da dole ɗaya ya zauna da ke. A bakin farfajiya, kusan inda kika taɓa durƙusa mini, na dubi yawan jama'a sai halina ya motsa, na fara tsara mata inda za mu haɗu in cunkoso ya raba mu. A can ba a juyowa, dokarki tana nan daram, kuma gobe ma ita zan koya wa ma'aikata. Ta bar ni na gama bayanin tsaf, sannan ta kama hannun rigata ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, Abu Nafisa, ni dai ba zan saki ba." Zagaye bakwai muka yi, ba ta saki ba. A kowane ɗaya mun ambace ki.

Na yi wa yarinyar magana, Umma. Na makara da wata bakwai, ko in ce shekara tara, amma na yi. Ki yafe mini jinkirin, ki yafe mini juyowar.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara. Ya saka miki da kowace tukunya da kika tsaya a kanta a Arfa domina. Ya saka wa Asma'u da abin da ni ba zan iya saka mata ba, Ya sauki Nafisa lafiya. Ranar babban cunkoso, da kowa zai nemi nasa, Allah Ya sa mu cim miki a inuwar rahamarsa. Amin.

Wassalamu alaiki wa rahmatullah.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Idrisu, wanda kike kira Idi
Aziziyya, Makka